Wutar Rana a Gida: Pano Gona Ne, Batir Rumbu Ne



Darasinmu na yau a kan wutar rana ne. Yanzu babu wanda bai san pano ba. In ka shiga kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, za ka gan su jingine a bakin shago suna ƙyalli. In ka shiga ƙauye, za ka gan su bisa rufin ɗaki, wani ma bisa danga.

Mutane da yawa sun saya. Wasu sun ji daɗi. Wasu kuwa ba a yi wata shida ba suka koma wa cocila da pil, suna cewa: "Wutar rana ƙarya ce." Ba ƙarya ba ce. Batir ɗinsu suka kashe da hannunsu, ba su sani ba. Ni ma da ke rubuta muku wanga darasi na taɓa kashe ɗaya. Zan ba ku labarin a gaba.

1. Rana arzikinmu ce

Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi samun rana a duniya. Tun da daɗewa wani ɗan ƙasa ya gane haka. Sunansa Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a shekarar 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana a Yamai. Can suka ƙera abin dafa ruwa da murhu masu aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991. Babbar jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Gwamnati ma ta gina manyan tashoshin wutar rana. Ta Malbaza, cikin jihar Tawa, an buɗe ta a 2018, ƙarfinta megawat 7. Ta Goru Banda, kusa da Yamai, an buɗe ta a 2023, ƙarfinta megawat 30. Megawat 1 shi ne wat miliyan 1.

A waccan shekara ta 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wutar da take aiko mana, ba ta maido ba sai cikin 2024. Lokacin ne ƴan birni da yawa suka ruga sayen pano. Mu ƴan ƙauye kuwa, mafi yawanmu wayar NIGELEC ba ta taɓa zuwa garinmu ba. Saboda haka zancen wutar rana namu ne tun farko.

2. Abubuwa huɗu da ke aiki tare

Wutar rana ta gida ba abu ɗaya ba ce. Abubuwa huɗu ne, kowa da aikinsa. Don mu gane su, mu ɗauki misali da noma, tun da shi muka fi sani.

Na ɗaya, pano. Shi ne gona. Hasken rana yana faɗa masa, shi kuma yana maida hasken ya zama kuran. In rana ta faɗi, aikinsa ya tsaya.

Na biyu, batir. Shi ne rumbu. Abin da pano ya noma da rana, cikin batir ake zubawa. Da dare daga cikinsa ake ɗiba.

Na uku, regilater. Wani ɗan akwati ne da ke zama tsakanin pano da batir. Shi ne mai gadin rumbu. In batir ya cika, ya hana a ƙara. In ya yi ƙasa ƙwarai, ya hana a ɗiba.

Na huɗu, masu ci: ampul, salula, rediyo, tele, fanka. Su ne iyalin gida. Kowa da girman cikinsa.

Akwai na biyar, amma ba kowa ke bukatarsa ba. Sunansa konbertiser. Wutar batir bolt 12 ce. Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Konbertiser yana maida 12 ta zama 220, don kayan da ba su aiki sai da wutar birni. Sai dai shi kansa yana cin rabonsa, ko da ba a jona masa komi ba. In ba ka aiki da shi, kashe shi. In kuma ka samu tele da fanka da ampul masu bolt 12, ka huta da sayensa.

3. Mu koyi karanta harufan da ke jikin kaya

Ga inda karatunku zai yi muku rana. A bayan kowane pano akwai takarda manne. A jikin kowane batir akwai rubutu. Harufa uku za ku nema.

W yana nufin wat. Shi ne ƙarfin pano, ko yawan cin abu. In ka ga 100 W a bayan pano, wat 100 ke nan. In ka ga 5 W a jikin ampul, wat 5 yake ci.

V yana nufin bolt. Na gida mafi yawa 12 V ne.

Ah yana nuna girman batir, wato girman rumbu. 100 Ah ya ninka 50 Ah.

Hatsi da tiya ake auna shi. Wuta kuwa da wat-awa ake auna ta. Ampul mai wat 5, in ya kama awa 1, ya ci wat-awa 5. In ya kama awa 4, ya ci wat-awa 20. Wat sau awa, shi ke nan lissafin.

4. Lissafi kafin kasuwa

Manomi mai hankali yakan ƙirga bakin da zai ciyar kafin ya ce gonarsa ta ishe shi. Haka nan kai ma, kada ka tafi kasuwa sai ka zauna da uwargida, kun ɗauki alƙalami da takarda. Ku rubuta abin da kuke son kunnawa, da wat ɗinsa, da awa nawa zai yi kullum.

Ga misalin wani gida:

Ampul 3, kowane wat 5, awa 5: 3 × 5 × 5 = 75
Salula 3, cajin kowace kimanin 10: 3 × 10 = 30
Rediyo wat 5, awa 4: 5 × 4 = 20
Tele wat 30, awa 4: 30 × 4 = 120
Fanka wat 20, awa 5: 20 × 5 = 100
Jimla: wat-awa 345 kowace rana.

To, wane pano ne zai ciyar da wanga gida?

Rana tana wuni sama kusan awa 12, amma hasken safe da na marece ba su da ƙarfi. In aka tara duka, a ƙasarmu ana lissafa awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Mu ɗauki 5, don kada mu ruɗi kanmu. Pano mai wat 100 sau awa 5 ya ba da 500.

Amma ba duk abin da aka yanka a gona ke isa rumbu ba. Wani ya zube a hanya, wani tsuntsu ya ci. Nan ma haka ne: zafi, da ƙura, da waya, da batir kansa, kowa yana rage kaɗan. Cikin 500 mu cire 150. Saura 350. Ka ga ke nan pano mai wat 100 ya ishi gidan, amma da ƙyar, babu rara. In da hali, mai wat 150 ya fi, saboda ranar hadari da ranar hazo.

Saura batir. Girmansa a wat-awa shi ne bolt sau Ah. Batir mai 100 Ah: 12 × 100 = 1200. Amma ku saurara da kyau, nan ne zuciyar darasin. Batir na dalma, wanda muka fi saye, rabinsa kaɗai ake ci. Cikin 1200, naka 600 ne. Sauran 600 iri ne, ba a taɓa shi. Wanda ya share rumbu har ƙasa ya cinye iri, baɗi ba ya da abin shuka. Wanda ke tatse batir kullum har wuta ta mutu, cikin ƴan watanni batir ɗin zai daina riƙe caji.

Gidan misalinmu yana cin 345. Mu ninka biyu: 690. Mu raba da 12: ya kusa 58. Ashe batir mai 60 Ah shi ne mafi ƙanƙanta da zai yi. Mai 100 Ah ya fi kwanciyar hankali.

Wani zai ce: "Malam, dutsen guga fa? Risho na kuran fa?" Dutsen guga yana cin wat 1000 ko fiye. Awa ɗaya tasa ta cinye noman kwana 3 na pano mai wat 100. Wannan baƙo ne mai babban ciki, ƙaramin rumbu bai iya masa. Firigo kuma yana aiki dare da rana. Mai son firigo sai ya nemi gwani ya yi masa lissafi dabam.

5. Yadda na kashe batir ɗina

Shekarun baya na sayi pano na farko. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Mai shagon ya ce mini: "Malam, bar regilater, ɓarnar kuɗi ce. Ga batir na mota mai araha, jona kai tsaye." Na ji daɗin maganar, don ta yi daidai da aljihuna.

Wata na fari gidana ya zama dandali. Yara suna karatu, maƙwabta suna kawo salula, ana kallon tele har sai ta mutu da kanta. Da rana kuma batir ya yi ta tafasa, babu mai ce masa ya isa. Ban san ana duba ruwansa ba. Wata na huɗu, wuta ba ta kai sallar lisha. Wata na biyar, ko ampul ɗaya bai iya ɗauka. Uwargida ta dube ni ta ce: "Araha ba ta ado." Ban ce komi ba, don gaskiya ta faɗa. Kuɗin tunkiya guda suka tafi.

Kurakuraina uku ne. Ban sa mai gadi ba. Na sayi batir na mota. Na tatse shi kullum har ƙasa.

Batir na mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido, ya tada inji, sannan mota ta maida masa nan take. Ba a yi shi don a yi ta ɗiba dare duka ba. Doki ne na sukuwa, ba jakin kai taki ba. Batir na wutar rana kuwa an yi shi don ɗiba sannu sannu.

6. Batir iri nawa ne?

Akwai na dalma mai ruwa. Yana da marufai a sama, ana buɗewa a duba. Shi ya fi araha, amma yana son kulawa.

Akwai na dalma rufaffe, wanda ake kira jel. Ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. Ya fi na farko tsada.

Akwai na litiyom. Bai da nauyi, ana iya cin kashi 8 cikin 10 na abin da ke cikinsa, kuma yana daɗewa fiye da na dalma nesa ba kusa ba. Kuɗinsa ne ke da yawa a farko. Yana kuma son regilater da ya dace da shi.

Pano mai kyau yana iya yin shekara 20 ko fiye. Batir na dalma kuwa, a zafin ƙasarmu, in an kula da shi, shekara 2 zuwa 4 ne. Ka ga pano ɗaya zai binne batir da yawa. Saboda haka tun ranar da ka kunna wuta, fara ajiyar kuɗin batir na gaba. Abin da kake kashewa dā wajen pil da cajin salula, zuba shi asusu. Mata sun riga mu sanin wanga hanya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, da zubi kaɗan kaɗan na kowane mako suka tsaya da ƙafafunsu.

7. In ka je saye

Karanta takardar bayan pano da kanka. Amma ka sani takarda ma tana ƙarya. Pano mai wat 100 na gaske, tsawonsa ya kusa mita 1, faɗinsa rabin mita ko fiye. In an nuna maka ɗan ƙarami kamar faifai an ce wat 100 ne, ka yi gaba.

Ɗaga batir ka ji nauyinsa. Na dalma mai 100 Ah yana kusan kilo 30. In ka ɗauke shi da hannu ɗaya kamar tulun da ba ruwa, akwai magana.

Ga pano mai wat 100, regilater mai amper 10 ya isa. In kana da niyyar ƙara pano gaba, ɗauki mai amper 20.

Sayi waya mai kauri ta jan ƙarfe. Siririyar waya tana zafi, tana cinye wuta a hanya, tana iya tada gobara. Sayi fis, wanda masu gyara ke kira fizibil, a sa shi kusa da batir.

Ka ce mai shago ya rubuta maka takardar saye, da kwanan wata, da tsawon lokacin da ya ɗauki alhakin kayan. Yanzu ka iya karatu, karanta ta kafin ka biya.

8. Wurin aza pano

Pano ya dubi kudu, wato gusum. Kada a kwantar da shi shimfiɗe. A ɗaga gefen arewa kaɗan. In tsawonsa mita 1 ne, a ɗaga kimanin santimita 25, taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Haka ruwan sama zai gangara ya wanke shi.

A bar fili a ƙarƙashinsa don iska ta wuce. Pano haske yake so, ba zafi ba. In ya yi zafi ƙwarai ƙarfinsa yana raguwa. Kada a manna shi bisa kwano.

A nisanta shi da inuwa. Inuwar reshen bedi guda, in ta rufe ɗan gefe kaɗai, tana iya rage wutar pano duka. A ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damana, da kuma masu dogon hannu.

Wajen jonawa akwai tsari. A jikin regilater za ka ga zanen batir, da zanen pano, da zanen ampul. Batir ake fara jonawa, sannan pano, sannan masu ci. In za a kwance, a fara cire masu ci da pano, batir ne na ƙarshe. Jar waya ta tafi wurin alamar +, baƙa ta tafi wurin alamar −. In ba ka tabbata ba, kira wanda ya koya. Tambaya ba ta ɓad da mutum.

9. Kulawa ta yau da kullum

Ƙura ita ce ciyawar wanga gona. Lokacin ɗari, in hazo ya sauka, a shafe pano sau 2 ko sau 3 a mako. A yi da sassafe ko da marece, lokacin da gilashin ya huce. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa. Kada a kankare da ƙarfe ko yashi.

Batir ya zauna a inuwa, wurin da iska ke shiga, bisa katako. Zafi yana rage masa kwana. Kada a sa shi cikin rana, ko kusa da murhu.

In mai ruwa ne, a buɗe marufan sau ɗaya a wata. Ruwan ya rufe farantan da ke ciki. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwa na musamman da ake saidawa a gareji. Ban da ruwan rijiya, ban da ruwan pampo, ban da asid.

Regilater da yawa suna nuna lamba. Da dare, in an kashe komi batir ya huta, 12,7 na nufin ya cika. In ka ga 12,1 ko 12,2 an kai rabi, a dakata. In regilater ya yanke wuta da kansa, kada ka zagaye shi ka jona kai tsaye. Aikinsa yake yi.

Ranar da aka wuni da hadari, a rage ci. A bar tele da fanka, a kunna ampul kaɗai. Cajin salula kuwa a yi shi da rana tsaka, lokacin da pano ke ba da wuta.

Kada a haɗa sabon batir da tsoho. Tsohon zai ja sabon ƙasa.

10. Hattara

Ruwan da ke cikin batir asid ne. Yana ƙona fata, yana makanta ido. In ya taɓa mutum, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan. In ido ne, a yi ta zuba ruwa, a kai shi likita.

Batir mai ruwa yana fidda wata iska mai kama wuta lokacin da yake caji. Kada a kusance shi da ashana, ko taba, ko fitilar aci-balbal. Kada a kwana da shi cikin ƙuntataccen ɗaki rufe.

Kada a aza cokali, ko wuƙa, ko wani ƙarfe bisa kan batir. In ƙarfe ya haɗa + da −, wuta za ta tashi.

Wutar da ke fitowa daga konbertiser 220 ce. Tana kisa kamar ta birni.

Batir da ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Dalmar da ke ciki guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, ɗaruruwan yara suka mutu saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Dalmar batir ita ce dai waccan dalma. A maida mataccen batir wurin masu saye, a rufe, ba a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya ba.

Abin riƙewa

Yi lissafi kafin ka saya.
Kada ka jona pano da batir ba regilater.
Rabin batir na dalma naka ne, rabi iri ne.
Shafe pano, sa batir a inuwa.
Fara asusun sabon batir tun yau.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kira pano gona, aka kira batir rumbu?
2. Mene ne aikin regilater?
3. Don me batir na mota bai dace da wutar gida ba?
4. Wane gefe pano zai duba?
5. Wane abu ake fara jonawa a jikin regilater?

Lissafi

1. Ampul 4, kowane wat 5, suna kama awa 6. Wat-awa nawa suka ci?
2. Batir na dalma mai 12 V da 80 Ah. Wat-awa nawa ke cikinsa? Nawa ne za a iya ci?
3. A ce gida yana da salula 3. Ana kai kowace caji sau 15 a wata, ana biyan dala 20, wato 100 F, kowane zuwa. Nawa gidan ke kashewa a wata? Nawa a shekara?

Aikin gida

Rubuta kayan da kake son kunnawa a gidanka, da wat ɗin kowane, da awoyinsa. In akwai mai pano a unguwarku, roƙe shi ya bari ka karanta takardar da ke bayansa, ka kwafe lambobin cikin littafinka. Ku zo da su aji mako mai zuwa, mu yi lissafin tare a allo.